Yadda Ake Neman Furannin Daji a Tsakiyar Rani

Tun ranar da na nuna hoton furen rawaya, wata 'yar shukar daji, da na ɗauka a wani ƙonannen fili, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: "Malam, ina ka samo fure a wannan rani, ko tsohon hoton damina ne?" A watan Fabrairu na ɗauke shi, ƙasa ta bushe ƙamas, kana takawa toka na tashi. Wasu kuma sun ce sun fita sun yi ta bulayi har ƙafa ta yi nauyi, ba su dawo da komai ba sai ƙarangiya a ƙafar wando. Ni ma haka na fara. To ga yadda nake yi yanzu, daki-daki.

Ka riƙe abu ɗaya kafin mu shiga. Furen damina a ƙasa yake, cikin ciyawa. Na rani yawancinsa a sama yake, domin bishiyoyinmu da dama sai sun kaɗe ganye sun tsaya tsirara sannan suke fure.

1. San watan kowane fure

Kuskuren farko shi ne a ɗauki rani kamar abu guda. Daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa saukarsa a Mayu ko Yuni, layi bishiyoyi ke bi, wannan ta gama wannan ta karɓa. In ka makara da sati uku, sai ka tarar da busasshen fure a gindin bishiya.

Gawo ne ke buɗe fage. Shi da ma ɗan gardama ne, ya kaɗe ganye da damina, ya tofo lokacin da kowa ke zubarwa, kuma wajen Nuwamba yake fitar da furensa mai launin madara kamar ɗan buroshi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, cikin hunturu, fagen na gurjiya ne, wadda wasu ke kira kurya: jan fure mai kauri kamar ƙaramin kofi, a kan reshen da ba ganye ko ɗaya. A tsakanin nan madobiya ke rufe kanta da rawayan fure, kaɗanya ta fitar da nata fari mai ƙanshi a ƙarshen rassa, minjirya kuma ta yi jawur a shingen gonaki.

Fabrairu da Maris na ɗorawa ne da sansami. Furen ɗorawa ja ne dunƙulalle, yana reto a doguwar tsirkiya kamar tuntun hular dara. Na sansami ruwan hoda ne mai siffar ƙaramin kakaki. Idan zafi ya kankama a Maris da Afrilu sai marga, wato gama-faɗa, ta sako dogayen zangarniyoyi rawaya har sukan rufe rassanta, gauɗe kuma ya yi farin fure da ke komawa rawaya bayan kwana ɗaya ko biyu. Kuka ce ke rufe layi dab da damina.

Ka kuma duba inda kake. Gurjiya, madobiya da kaɗanya sun fi yawa daga Zariya zuwa kudu, da Bauchi, Neja, Filato da Taraba. Daga arewacin Kano zuwa Daura, Maraɗi da Damagaram, abin da za ka fi gani shi ne gawo, aduwa, bagaruwa, tumfafiya da kariya. Mutumin Zinder da ya tashi neman gurjiya a bayan gari zai wahala a banza.

In damina ta yi gardama a shekarar, tafkuna za su ƙafe da wuri, ƙananan tsirrai su mutu tun kaka. Manyan bishiyoyi masu zurfin saiwa ba su cika fasa furensu ba. A irin wannan shekara ka mai da hankali kansu.

2. Zaɓi wuri

Ba sai ka shiga ƙungurmin daji ba. Gonakin bayan gari, inda manoma suka bar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya tsaye a tsakiyar kunya, sun fi daji mai duhu sauƙin gani, tunda an girbe an share, ido na kaiwa nesa. Nemi ƙauyen da ke da abu uku kusa da juna: gonaki masu manyan bishiyoyi, dutse ko tsauni, da rafi ko fadama. Wurare irin su kewayen dutsen Kufena a Zariya ko duwatsun Shere a gefen Jos suna da irin wannan haɗi. Mai hali ya je Yankari a jihar Bauchi, inda ake shiga daji da ma'aikacin wurin. Mai son furen ruwa ya nufi dausayin Haɗeja da Nguru.

Gargaɗi: tsaro ya fi fure. Dazukan Birnin Gwari, Rugu da na Zamfara suna da bishiyoyi masu kyau, amma ba wurin yawo ba ne a halin da ake ciki. Ko wurin da kake ganin lafiya lau ne, ka kira wani ɗan garin ana gobe za ka tafi ka tambayi labarin hanya. Ka faɗa wa na gida sunan ƙauyen da lokacin dawowarka. Kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma yamma ta yi maka a daji.

3. Kaya da kuɗin da za a kashe

Takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa, sau-ciki ko but. Silifas ba ya tare tsidau, balle ƙayar aduwa. Dogon wando mai kauri, riga mai dogon hannu, malafa. Ruwan sha aƙalla lita 3 ga mutum ɗaya, domin a Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato, Kano da Maiduguri. Sanda doguwa. Waya cike da caji da fawa-bank. Ƙaramin littafi da fensir, don biro kan ƙi rubutu idan ƙura ta hau takarda. In kana son busar da fure, ƙara tsofaffin jaridu da kwali biyu. Madubin hangen nesa yana da daɗi ga mai shi, amma rashinsa ba ya hana tafiya.

Kada ka shafa turare ko mai mai ƙanshi ranar. Dalili na tafe a mataki na 6.

Kuɗin ba shi da yawa. Farashi na sauyawa kullum, saboda haka da lita nake lissafi: mai babur da zai je ƙauye mai nisan kilomita 25 ya dawo, lita 2 zuwa 3 ta ishe shi har da ɗan kewaye. Wanda ba shi da abin hawa ya ware kuɗin motar kasuwa zuwa da dawowa, da na ɗan acaɓa daga bakin titi. Ka shirya da ɗan acaɓan ya dawo ya ɗauke ka, ka karɓi lambarsa, ka riƙe rabin kuɗin sai ya dawo. Ɗan jagora kuwa ka ba shi kwatankwacin abin da ake biyan mai ƙwadagon yini a garin, ko da rabin yini kuka yi. Sai ɗan goro na mai unguwa. A Yankari akwai kuɗin shiga da na zagaye, ka tambaya kafin ka kama hanya. Ka riƙe canji a hannu, tiransifa ba ta da tabbas inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

4. Gaisuwa kafin hoto

Wannan matakin aka fi tsallakewa, kuma shi ya taɓa cinye mini rabin safiya. Na tsayar da babur a gefen wata gona, na ɗaga waya ina ɗaukar ɗorawa, sai na ji an ce, "Malam, me ake ɗauka?" 'Yan sa-kai ne biyu, ɗaya da bindigar toka a kafaɗa. Na ce fure. Suka dubi juna. Ba su ɗaga murya ba, amma sai da muka taka har zauren mai unguwa.

Dattijon ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya yi ta turawa da yatsa. Ɗorawa, ɗorawa, wata ɗorawar.

"Fure kawai?"

"Ranka ya daɗe, fure kawai."

"Tun daga birni?"

Ya yi dariya har da tari, ya kira ɗansa ya ce ya kai ni bayan dutse inda marga take. Lokacin da muka isa rana ta take, hasken hoto ya lalace. Ban ga laifinsu ba. A zamanin da ake fama da masu kai wa ɓarayin daji rahoto, baƙo mai ɗaukar hoton gonaki abin tuhuma ne.

Saboda haka da isarka ka nemi mai unguwa ko dagaci, ka gaisa, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka roƙi a haɗa ka da wanda ya san dajin. Waɗanda suka fi kowa sani su ne maharba, masu ɗaura amya, masu maganin gargajiya, makiyaya da mata masu itace. Kada ka ce musu kana neman furanni, za su ɗauka na lambun gidan gwamnati kake nufi. Kama suna: "Baba, ina gurjiya take a nan?" "Marga ta fara fure?" Nan take za a nuna maka da baki.

5. Yi sammako

Ka kasance a wurin da gari ya waye, ka tattara kafin ƙarfe 11. Ban da gudun rana, akwai dalili daga furannin kansu. Na ɗorawa da yamma yake buɗewa, jemagu su sha ruwansa cikin dare, da hantsi ya fara yaushi. Farin bado ma da dare yake buɗewa, rana na ɗagawa ya rufe. Furen kuka kwana ɗaya yake yi, ya buɗe da magariba, kashegari ya yi ruwan ƙasa ya faɗo. Wanda ya zo da azahar ragowa zai gani.

Gargaɗi ga masu azumi: a 'yan shekarun nan Ramadan na faɗowa cikin Fabrairu da Maris, daidai lokacin ɗorawa. In za ka fita da azumi a baki, kada ka wuce awa biyu, kuma ka zaɓi wurin da ba hawan dutse.

6. Duba sama, duba gindi, kasa kunne

Fitata ta farko kaina a sunkuye yake, ina bin kunya-kunya kamar mai neman kuɗin da ya faɗi. Wata tsohuwa da ɗaurin kirare a ka ta tsaya tana kallona.

"Ɗan nan, me ya ɓace?"

"Inna, fure nake nema."

"A ƙasa? Ɗaga kanka mana."

A gindin sansami nake tsaye. Ba ganye ko ɗaya a jikinta, rassan sun cika da fure ruwan hoda, wasu na faɗowa a kan ƙasar da na gama dubawa. Ta gyara ɗaurin itacenta ta wuce tana girgiza kai.

Ga yadda ake yi. Ka tsaya a wuri mai ɗan tudu ka bi sararin da ido a hankali. A rani komai toka-toka ne da ruwan ƙasa, saboda haka ɗigon ja ko rawaya daga nesa ba ya ɓuya. Bishiyar da ka ga ta bushe kamar matacciya, ita za ka fi zargi. Idan ka iso, duba gindinta: furen gurjiya yana da nauyi, yana faɗowa ɗaya-ɗaya, awaki na rububinsa, har in ka ga awaki sun taru a gindin bishiya mara inuwa to akwai abin da ke zubowa. Sannan ka yi shiru. Kaɗanya mai fure tana da amo, gunjin ƙudan zuma ne, ana jinsa kafin a ga furen. Ɗan tsuntsun nan mai siririn lanƙwasasshen baki, sha-kauci, shi ma ɗan jagora ne kyauta. Bi shi zai kai ka ga minjirya, ko ga kauci mai fure kamar tsinken ashana a kan reshen wata bishiyar. Gauɗe kuwa hanci ne ke gano shi, tunda gajere ne, yakan ɓuya cikin sabara da geza.

Gargaɗi: kafin ka tsaya a gindin ɗorawa ko kaɗanya, ɗaga kai ka ga ko an ɗaura amya. In akwai, kada ka yi hayaniya, kada ka jefi reshe, kada ka daɗe. Ƙanshin turare na jawo ƙudan zuma. In suka taso, rufe fuska da riga ka yi nisa da gudu, ban da tsayawa kaɗe-kaɗe da hannu.

7. Ƙonannen fili, gindin dutse da bakin rafi

A nan ne kawai za ka mai da ido ƙasa. Filin da wutar daji ta cinye 'yan makonni da suka wuce shi ne gidan rawaya, wadda ake kira balagande ko kyamba a wasu wurare. Ba kara, ba ganye, sai fure rawaya shar mai kunnuwa biyar, faɗinsa ya kusa tafin hannun yaro, zaune a kan baƙar toka kamar an ajiye shi. Saiwarta ce ake dakawa a samu garin da ke rina miya, wanda mutanen Kabi da Sakkwato ke kira kwata. Fili ɗaya kan ba ka guda biyu, wani kuma ka rasa inda za ka sa ƙafa. Ni a wurina duk furannin rani ba wanda ya kama ƙafarta, ko don baƙin da ke kewaye da ita ne.

Kada ka cinna wa daji wuta don rawaya ta fito. Na ji wani ya kawo wannan shawara, kuma shawarar banza ce. Wutar rani ba ta da linzami, tana cin rumbu da amya da kiwo.

A gindin duwatsu da tsakanin tsaguwarsu ka nemi kariya, mai kumburarren gindi da fure ja-ja mai fari a tsakiya. A tafkin da bai ƙafe ba ka nemi bado. A bakin rafi kuma duba bagaruwa da sauran masu son laima.

Gargaɗi uku a nan, kuma kowanne na da muhimmanci. Na farko maciji. Kububuwa na kwanciya ƙarƙashin busasshen ganye da duwatsu, launinta ɗaya da ƙasa. Sanda ta riga ƙafarka shiga kowane wuri, kada ka cusa hannu a rami ko tsaguwar dutse. In tsautsayi ya faɗa, ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da ɗaure wurin tamau. A cire zobe da agogo, a hana mutum tafiya da ƙafa in da hali, a kai shi asibitin da ke da allurar dafin maciji. Mutanen Gombe da kewaye sun san na Kaltungo. Na biyu karara, mai yaɗo a bakin rafi, wadda kwansonta ke da gashi mai ruwan zinariya. Ya taɓa fata sai susa har kuka, kuma iska ma na ɗauko gashin. Na uku ruwan jikin tsirrai: na kariya dafi ne, da shi maharban da ke shafa kibiya, farin ruwan tumfafiya da na tinya kuma suna illata ido. In ka taɓa, wanke hannu kafin ka kai shi fuska.

8. Hoto da gano suna

Goge gilashin kyamarar waya da gefen riga kafin kowane ɗauka, ƙurar hunturu ba ta raga masa. Ka sa rana a bayanka. In ka ɗaga waya sama kai tsaye, hazo zai mai da sararin fari fat, furen ya fito baƙi. Gara ka ja baya ka nemi inda dutse ko wata bishiya mai duhu za ta zama bango.

Kowace shuka ka yi mata hoto huɗu: furen daga kusa, bishiyar gaba ɗaya, ɓawon jikinta, da ganye ko kwanson da ya faɗo. Ajiye fensir kusa da furen don a gane girmansa. Masu ɗaukar fure kaɗai su ne ke dawowa suna tambaya "wannan mene ne?" alhali ba mai iya ganewa.

Sunan Hausa ka fara rubutawa, daga bakin jagoranka, tare da sunan garin, domin suna na sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, wani lokacin ma shuka biyu su ci suna ɗaya. In ka dawo inda sabis yake, saka hotunan a manhajar PlantNet ko iNaturalist, duka kyauta ne. Za su ba ka sunan kimiyya: gurjiya Bombax costatum, rawaya Cochlospermum tinctorium, sansami Stereospermum kunthianum, kariya Adenium obesum. Kada ka haɗiye amsar manhaja kai tsaye, takan kawo sunan wata 'yar uwar shukar ta Indiya ko Amurka. In ta saɓa da maganar maharbi, ajiye duka biyun har ka samu malamin tsirrai. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da ɗakin adana busassun tsirrai inda ake tantancewa.

Idan za ka saka hoton kariya ko madobiya a intanet, faɗi ƙaramar hukuma kawai. Kariya ana haƙe ta a kai birni a sayar a tukunya, madobiya kuwa masu katako sun riga sun yi mata ɓarna mai yawa, musamman a Taraba.

9. Tsinka ko bari

Ɗorawar da ke cikin gona tana da mai ita. Kowane tuntu ɗaya da ka tsinke, damin kwanso ne ka hana fita, wato kalwa da daddawar wata baiwar Allah. Haka kaɗanya da man kaɗe. Gurjiya ma abinci ce a wasu wurare, 'yan ƙabilar Tibi na Binuwai da ƙoƙon furenta suke miyar da suke kira genger. Ka tsinci wanda ya faɗo da safe, yana nan da kyansa. In dole sai na kan reshe, nemi izini, ka ɗauki ɗaya.

Busarwa ba wuya. Shimfiɗa furen a tsakanin jarida tun a wurin, ka rubuta suna da rana a gefen takardar, ka sa tsakanin kwali biyu ka ɗaure. A gida ɗora masa manyan littattafai ko bulo. Canja jaridar kullum a kwana ukun farko. Cikin iskar hunturu masu laushi irin su sansami, marga da rawaya kan bushe cikin mako guda. Gurjiya mai nama ce, sai ka raba ta biyu da reza, in ba haka ba ta yi funfuna. Leda kuwa kada ta kusanci fure, cikin awa ɗaya za ta dafa shi.

10. Rubuta, ka sake komawa

Kafin ka kwanta ranar, rubuta kwanan wata, gari, abin da ya yi fure, abin da ke toho, da abin da ya riga ya zube. Karɓi lambar jagoranka, ka riƙa saka masa ɗan kati, ka roƙe shi ya yi maka filashin idan marga ta buɗe. Wuri ɗaya da ka koma sau huɗu tsakanin Disamba da Mayu zai nuna maka fiye da wurare huɗu da ka leƙa sau ɗaya, kuma littafin bana shi ne kalandarka ta baɗi.

Fita ta ƙarshe ka ajiye ta sai an yi ruwan farko mai ƙarfi. Cikin 'yan kwanaki albasar kwaɗi ke ɓullowa a fadamu, farin fure dogo mai jan zane a tsakiyar kowane kunne. Albasarta ba ta ci ba ce, guba ce, a ja wa yara kunne. Ka je cikin satin da but a ƙafa, domin ruwan da ya tashe ta shi ne ya fito da kunamu da macizai daga ramukansu.